Kabar Sammani Mai Ratsin Ɗorawa

A zamanin da fatake ke ratsa yammacin ƙasar Katsina da jakunan goro, akwai wani ƙaramin gari mai ganuwa tsakanin Zakka da Batsari, ana ce masa Tudun Aduwa. A garin akwai wani mai lambu, Sammani, wanda Allah ya hore wa baki. In ka ce ka hangi kura jiya, shi ya taɓa kwana da biyu a rami ɗaya. In ka ce ka je Kano, shi ya je bakin teku har ya wanke ƙafa. Alhali kowa ya san iyakar tafiyarsa Zurmi ce, ita ma zazzaɓi ya kama shi, aka maido shi gida a kan jakin wani mai tallar kanwa.

Abin da ya mallaka na gaske guda ɗaya ne, wato lambun albasa a fadamar gabas, da rijiyar da ubansa ya haƙa, da jigon ɗebo ruwa a kanta. Ƙasar fadama ta gari ce, mai gari ke ba da aronta, kuma ƙa'idar a fili take: duk wanda ya bar lambunsa ya ƙare rani bai fid da amfani ba, a karɓa a ba wani. Da albasar nan shi da matarsa Larai ke cike giɓin rumbu kowace shekara.

Wata rana, an gama dashen albasa ke nan, sai ayari ya yi zango a ƙofar gari. Cikin kayan madugu akwai wani tsohon tulu mai fasasshen wuya, da wata shuka a ciki. Ganyayenta kauri gare su, dogaye kamar takubba, tsakiya kore shar, gefe da gefe kuma ratsi ruwan ɗorawa, ga ƙaya tsinin allura a kan kowane ganye. A gindinta 'ya'ya bakwai sun tsiro. Madugu ya ce a Ikko ta bakin teku aka ba shi ita, a can masu hali ke ajiye ta a ƙofar gida don ado, kuma ya gaji da ita, don ta tsire masa jakuna uku a hanya.

Sammani ya kutsa cikin taro ya dafa ƙirji. "Af! Ashe ke ce? Madugu, wagga ai na san ta tun a bakin teku."

"To mi sunanta?" in ji madugu.

"Da yarensu ne. Harshenka ba zai ɗauka ba."

Kafin a yi la'asar, ragon layyar da Larai ta yi wata shida tana turke da dusa ya koma hannun fatake, tulu ya koma kan Sammani. Madugu mutumin kirki ne, ya so ya sauke nauyi. Ya ce, "Ka dasa ta a kan tudu, cikin tsakuwa, inda rana ke duka. Kuma kada ka..."

"Madugu, ni za ka koya wa shuka? Kai dai ka ji da jakunanka."

Madugu ya juya ga Larai, wadda ta fito tana bin ragonta da kallo, ya ce, "Uwar gida, ki faɗa masa ba ta son ruwa. Kwana sittin tana bayan jaki, sau uku kaɗai na ba ta."

A ƙofar gidan Sammani jama'a suka yi da'ira. Gwaggo Jinjiri, tsohuwa mai tuyar ƙosai, wadda ba a taɓa yin taro ba ita ba, ta sunkuya ta shinshina.

"Ana miya da ita?"

"Ba a miya da ita, Gwaggo."

"Magani ce?"

"Ta fi ƙarfin magani."

"To igiya ake tufka da ita? Ko shinge?"

"Kai, mutanen ƙauye! Kallo ake yi da ita. A zauna a kalle ta, rai ya yi fari."

Jinjiri ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Kallo? Rago guda don kallo? Ɗan nan, da ka kawo mini ragon, da na zauna maka daga hantsi har magariba ka kalla."

Aka kwashe da dariya. Sada, maƙwabcinsa a fadama, mutum marar yawan magana wanda rijiyarsa ke ƙafewa kowace bazara, ya ce shi dai in ba don ratsin ba, da ya ce kabar giwa ce irin ta dutse. Sammani ya ce wannan magana daidai take da a ce wa alkyabba tsumma. Daga ranar garin ya raɗa mata suna kabar Sammani, shi kuwa ya ce ko da sunan aka bar shi ya ci riba.

Amma Sammani ba mutumin da za a bari da suna ba ne. Washegari ya ɗauki tulu sai zauren mai gari. A lokacin ana sabunta ƙofar gari, an kuma aiko cewa hakimi zai zo ya gan ta da bazara.

"Ranka ya daɗe," in ji Sammani bayan ya faɗi ya yi gaisuwa, "ƙofa ba ado ai gini ce kawai. Ranar da hakimi zai zo, zan jera maka wagga guda arba'in, ashirin dama, ashirin hagu. Har birnin Katsina sai an yi zancen Tudun Aduwa."

Mai gari ya dubi shukar, ta kuwa burge shi. "Guda takwas nake gani da uwar. Ina za ka samo arba'in?"

"A lambuna zan haifar da su."

"Albasar fa?"

"Tuge ta zan yi. Albasa ai kowane talaka na da ita."

Mai gari ya gyara zama. "Sammani, ka san ƙa'idar fadama. In ka kawo arba'in, na ɗauke su amfanin gona. In ba ka kawo ba, lambu ya tashi daga hannunka."

"Ranka ya daɗe, in ba ka gan su ba, ka ba wanda ka ga dama, har da jigon."

Daga ƙarshen zaure Sada ya yi ɗan tari, ya sunkuyar da kai.

Larai ta yi kuka, ta yi roƙo, ta kira sunan mahaifinsa marigayi, duk a banza. Yini ɗaya Sammani ya tuge albasar da suka yi kwana goma suna dasawa. Ya raba 'ya'yan nan bakwai, kowanne da fangalinsa, wato ɗan gurbin da ake tara wa shuka ruwa. Sannan ya tsaya yana lissafin sauran talatin da biyu. Mai lambu kuwa ya san yadda ake yawaita rake: a sassara, a binne, kowace gaɓa ta tsiro. Ya zaro wuƙa ya hau ganyen uwar da yanka, gunduwa-gunduwa, ruwan ganyen na bin hannunsa har gwiwa. Rana ta yi zafi, ya share gumin goshi da hannun, ya share wuya, ya sa hannu cikin riga ya sosa ciki.

Ba a jima ba Sada ya ɗago daga lambunsa ya ga Sammani na tsalle.

"Lafiya, maƙwabci?"

"Lafiya lau! Motsa jini nake yi."

Motsa jinin ya kai shi ga tuɓe riga, ya kai shi ga goga baya a jikin iccen jigo, daga ƙarshe ya kwasa da gudu ya faɗa kududdufin da ake shayar da shanu. Ya fito jiki duk ya yi rudu-rudu, ido ɗaya a kumbure. Matan da ke wanki suka tambaye shi ko rina ce. Ya ce musu a'a, gaisuwa ce, haka shukar ke yi wa wanda ta yarda da shi, kuma in da ɗaya daga cikinsu ce ta taɓa, da yanzu ana salati.

Da ƙaiƙayi ya lafa, sai aka shiga ban ruwa. A nan ne fa Sammani ya nuna shi ɗan halak ne. Albasa sau ɗaya ake ba ta a yini, amma wagga baƙuwa ce, ta zo daga nesa, kuma a Tudun Aduwa ba a taɓa barin baƙo da ƙishirwa ba. Safe, rana, yamma, jigo na kuka. Ya kwaso takin awaki ya jibga mata har wuya. Ya yi mata rumfar kara don kada rana ta dame ta.

"Malam," in ji Larai, "madugu fa cewa ya yi ba ta son ruwa. Sau uku ya ba ta cikin kwana sittin."

"Shi ya sa ya ba da ita a kan rago ɗaya! Fatake rowa gare su. Ya bar baiwar Allah da yunwa da ƙishi, sannan ya ce halinta ne."

"To in halin nata ne fa?"

"Larai, kin taɓa ganin abu mai rai da ya ƙi ruwa? Je ki ji da tukunyarki."

Bayan kwana ashirin, gunduwoyin da ya binne suka zama dagwalo. Ya ce suna shiri ne ta ƙasa. Bayan wata ɗaya, 'ya'yan suka fara laushi daga gindi, ganye na kwantawa. Ya duba, ya gyaɗa kai irin na masana, ya ƙara musu guga goma-goma. Suka ƙara kwantawa. Gwaggo Jinjiri ta biyo ta fadama, ta leƙa ta kan shinge.

"Ɗan nan, yaya masu jiki?"

"Ba ciwo ba ne, Gwaggo. Kewar gida ce. Ruwanmu salam yake, su kuwa da ruwan teku suka saba."

Yana faɗa sai maganar ta yi masa daɗi a kunne, har ya yarda da ita. Ya ruga gida ya ɗauko kantun gishirin Larai, wanda take gutsura kaɗan-kaɗan tun kaka, ya farfasa ya narka a tulu, ya bi fangali-fangali yana zubawa. Kwana bakwai gidan na shan miya lami. A rana ta takwas ya kama ganyen uwar don ya gwada wa Sada yadda ta yi ƙarfi, sai duk shukar ta biyo hannunsa, gindin ya ruɓe, wani wari ya tashi wanda ya sa Sada ya koma can ƙarshen lambunsa da aiki.

"Saɓa take yi," Sammani ya ɗaga murya ya ce. "Kamar maciji."

Sada ya toshe hanci ya ce Allah ya raba lafiya.

Haka rani ya ƙare. Kowa na ɗaukar albasa kwando-kwando zuwa kasuwar Batsari, lambun Sammani kuwa taɓo ne da gishiri da ƙudaje. Aka yi shela cewa hakimi na tafe jibi. A ranar ce Larai ta ga tsoro a idon mijinta, ta kuwa ji tausayinsa duk da haushin da take ji.

"Malam, ka je ka faɗi gaban mai gari ka ce ka yi kuskure. Ya san babanka. Wataƙila ya yi maka uzuri na shekara ɗaya."

"In ce na yi kuskure? A gaban Sada?"

"To a gaban hakimi kake so ka ce?"

Shi kuwa idonsa na kan ƙwaryar garin ɗorawa da ta ajiye a gindin turmi, lokacinta ne, ta cika gari. Ya dangwala yatsa ya duba launin. Sai ya yi wani murmushi wanda Larai ta sani, ta kuma tsana.

Gari na wayewa ya ɗauki kwando da magirbi ya nufi duwatsun hanyar Ruma. Sawu uku ya yi, ya kwaso kabar giwa guda arba'in, ya shigo da su ta bayan gida a lulluɓe da tsohon buhu. Ya jiƙa ƙaro, ya dama shi da garin ɗorawa ya yi kauri, ya fige gashin kaza, ya zauna bayan zana yana ja wa kowane ganye ratsi gefe da gefe. Larai ta ce ita hannunta ba ya ciki. Ya ce da ma aikin ba na kowa ba ne.

A faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. Da hantsin ranar, da aka ga kaba arba'in a jere a sabuwar ƙofa, ashirin dama, ashirin hagu, ratsi na ɗaukar ido, har masu jiran su yi dariya sai da suka yi shiru. Sada ya zo ya duba, ya koma gefe jiki a sanyaye. Mai gari ya kira Sammani ya tsayar da shi kusa da shi. Shi kuwa ya sha wankakkiyar riga, ya ɓoye ɗan ƙoƙon sauran haɗin a cikinta, ko da wani ratsi zai nemi gyara.

Hakimi ya iso, dattijo mai fara'a. Ya duba ƙofa ya yaba, sannan ya tsaya a kan shukar.

"Wannan fa daga ina?"

Sammani bai jira an ba shi izini ba. "Allah ya ba ka nasara, daga bakin teku. Ni na san sirrinta. Sarakunan can ba sa karin kumallo sai sun kalle ta."

"Ikon Allah. Ga ƙudan zuma ma sun yanyame ta."

"Su ma sun san daraja, ranka ya daɗe."

"To da bazara haka, dabbobi a sake, ba sa yi mata ɓarna?"

"Dabbobi? Ko giwa ta hange ta sai ta sake hanya."

Daidai nan akuyar Gwaggo Jinjiri ta ratso tsakanin ƙafafun mutane. Ta je ga kabar farko a dama, ta shinshina, ta zaro harshe ta lashe ratsin tun daga gindi har tsini. Ganye ya koma kore fes. Ta juya ɗaya gefen ta gama da shi, ta yi kuka mai daɗi, irin na wadda ta yi tsintuwa.

"Sumba ce," in ji Sammani. "Girmamawa ce. Kai! Kur! Tafi!"

Kukan nan kuwa kira ne. Awakin Tudun Aduwa sun yi wata uku suna cin busasshen kara, ga ƙanshin ɗorawa iska na kai musu. Ta kowane lungu suka ɓullo. Sammani ya kori biyu a dama, biyar suka sauka a hagu. Ya ruga hagu, ya kama ƙafar wata, wata ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Ya buɗe hannuwa ya tsaya gaban kaba guda uku yana kare su da riga, sai wani bunsuru ya jiyo abin da ke cikin rigar, ya cusa kai. Ƙoƙo ya faɗo ya tuntsura har gaban hakimi, gashin kazar na tsaye a ciki. Sammani ya ja da baya, ya zauna daɓas a kan kaba mai ƙaya, ya miƙe da ihu, bunsuru ya bi shi yana lasar gemunsa.

Kafin a kore su, kaba arba'in sun koma yadda Allah ya halicce su. Ko ɗaya awakin ba su ciza ba, don ɗaci.

Jinjiri ta ɗauki ƙoƙon, ta dangwala ta ɗanɗana. "Ɗorawa ce, ranka ya daɗe, har da ƙaro. Wagga kuwa kabar giwa ce. Ɗacinta muke shafawa a nono, da ita muka yaye rabin mutanen da ke tsaye nan, har da shi mai shukar."

Hakimi ya yi dariya har sai da ya dafa kafaɗar wani. Jama'a suka biye masa, wasu har da zama a ƙasa. Mai gari ne kaɗai bai yi ba, don a ƙofarsa abin ya faru.

"Sammani."

"Ranka ya daɗe, a ƙirga dai. Arba'in ne cif."

"Ina ta bakin tekun?"

"Tana... ta ɗan kwanta."

"Ina albasa?"

Sammani ya hau cire ƙaya daga rigarsa.

Mai gari ya ce, "Da bakinka ka yanke, a gaban shaidu. Sada, daga yau lambun gabas na hannunka, da jigon."

Dariya ta ɗauke. Sammani ya dubi mai gari, ya ce a hankali, da wata murya da garin bai san shi da ita ba, "Ranka ya daɗe, babana ne ya haƙa rijiyar."

"Na sani," in ji mai gari. "Ina nan aka haƙa ta. Shekara talatin yana ban ruwa da ita, ban taɓa jin ya ce ya je ko'ina ba."

Sammani ya koma gida ta bayan gari, ɗingishi yake yi, gemu a manne. Ya zauna a gindin rumbu. Bayan la'asar aka yi sallama. Sada ne, ya kasa shigowa, ya ajiye kwandon albasa a zaure ya ce a ba uwar gida ta yi miya, ya juya da sauri. Larai ta ɗauko kwandon ta dire a tsakar gida, ta shiga ɗaki neman wuƙa.

Da ta fito sai ta tarar Sammani ya ɗauki guda ɗaya yana jujjuya ta a hannu, hawaye na bin gemunsa. Ya ga ta gan shi, ya yi maza ya goge da hannun riga.

"Albasar Sada yaji gare ta," ya ce. "Ba ta kama ƙafar tamu ba."

Larai ta zauna kusa da shi, ta karɓi albasar daga hannunsa.

"Malam," ta ce, "ban yanka ba tukuna."